Haɗa kwamfutar wasa a Gombe: daga soket ɗin bango ake fara lissafi

Tambaya: "Ina zaune a Gombe. Na tara kuɗi ina so in haɗa kwamfutar tebur da hannuna domin wasan ƙwallo da tseren mota da irin su GTA, a monita mai 1080p. Wani mai shago ya rubuta mini jeri: firosesa Ryzen 5 5600, katin hoto RX 580 na hannu, RAM guda ɗaya mai 16GB, da fawa-fak mai araha da aka rubuta 650W a jikinsa. A gida muna da inbata da batir ɗaya mai 200Ah. Jerin ya yi? Me kuma zan kiyaye wajen haɗawa?"

Amsa: Ɗan'uwa, firosesar da aka zaɓa maka ta yi. Sauran ukun duk akwai gyara, kuma wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na ƙarshen jerin, wato fawa-fak, akwatin da ke karɓar wuta daga bango ya raba wa kayan cikin kwamfuta. Yawancin bidiyoyin da ake koyon wannan aiki da su an ɗauke su ne a ɗakunan da wuta ba ta rawa, zafi bai wuce digiri 25 ba, ƙura kuwa sai an neme ta. Taka kwamfutar za ta zauna ne a garin da zafi kan kai digiri 40 a Maris da Afrilu, hunturu ya yi ta zuba mata ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wuta kuma tana sauyawa tsakanin ta gari da inbata da janareto. Shi ya sa a nan daga bango ake farawa, sannan a shigo cikin kesin.

Ɗauki fawa-fak ɗin ka juya shi. A gefensa akwai takarda mai ɗan jadawali. Bar babbar lambar nan ta 650W, ka nemi gidan da aka rubuta +12V, ka dubi lambar da ke ƙarƙashinsa mai harafin A, ka ninka ta da 12. Abin da ya fito shi ne ainihin ƙarfin da firosesa da katin hoto za su samu, domin su biyun daga wannan layin suke sha. Fawa-fak na kirki mai 550W za ka ga wajen 45A a wurin, wato kusan 540W. Na bogi kuwa sai ka tarar da 18A ko 20A, wato 240W ke nan ko ƙasa da haka, an cika sauran lambar da layukan 5V da 3.3V waɗanda kwamfutar zamani ba ta cika buƙata ba. Ka kuma jinjina shi a hannu. Idan ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara da aka shanye, mayar masa da kayansa. Irin wannan idan ya tashi mutuwa ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja bod, wato babban faifan da ake jona komai a kansa, ko katin hoto su tafi tare.

A wannan takarda dai, duba layin wutar da ke shiga. Wani za ka ga 200-240V, wani 100-240V. Wutar Najeriya 230V ce a ƙa'ida, amma kowa ya san daren da ƙwan fitila ke yin ja, fanka tana juyawa da ƙyar. Mai 100-240V zai ci gaba da aiki a irin wannan wuta, ɗayan kuwa zai riƙa ɗaukewa kana tsakiyar wasa. Mai 100-240V ɗin za ka nema, mai tambarin 80 Plus Bronze ko sama da haka, daga kamfanin da ya yi suna a wannan sana'a kamar Seasonic, Corsair, Cooler Master ko be quiet!, tsakanin 550W da 650W. Shi ne abu ɗaya da ba zan taɓa ba ka shawarar saya a gwanjo ba. In kuma wani tsohon fawa-fak ya shigo hannunka mai ɗan jan maɓalli a baya da aka rubuta 115 da 230, tabbata yana kan 230 kafin ka jona. Kayan da suka fito daga Amurka sukan zo a kan 115, kuma ƙara ɗaya za ka ji da ƙauri, shi ke nan.

Yanzu lissafin inbatarku, domin shi ne zai yanke hukunci a kan RX 580. Ryzen 5 5600 ba ta wuce wajen 76W ko da an matsa mata. RX 580 yana shan 185W. Bod da RAM da SSD da fankoki ka ba su 45W. Ka haura 300W ke nan a ciki, kuma da yake fawa-fak mai Bronze yana zubar da wajen kashi 15 cikin 100 a matsayin zafi, abin da zai ja daga bango ya kai 360W, ga monita da 25W zuwa 30W nata. Sa RX 6600 a madadinsa, wanda ke shan 132W, sai jimillar ta sauko wajen 330W har da monita, alhali ya fi RX 580 gudu nesa ba kusa ba. RTX 4060 ma 115W yake sha. Batirinku mai 200Ah a 12V yana riƙe da 2400Wh a takarda. In mai ruwa ne ko irin wanda ake kira jel, rabi kawai ake so a sha in ana son ya yi ƙarko, wato 1200Wh. Inbata ta ci nata, saura wajen 1000Wh. Raba da 330, awa uku ke nan ba tare da fanka ko talabijin na gida ba. A zahiri ma ba za ta cika ukun ba, domin 200Ah ɗin an auna shi ne da jan 10A na awa 20, kai kuwa za ka ja sama da 30A. Duk wat 50 da ka rage a kati, ƙarin lokacin wasa ne da raguwar zafi a ɗaki.

Ka kuma bincika wace irin inbata ce. Akwai mai fitar da wuta sumul irin ta gari, wadda ake rubuta Pure Sine Wave a jikinta, akwai mai araha da wutarta ke fitowa a gutsure. Fawa-fak na zamani ba ya jituwa da ta biyun: wani ya riƙa zuzu kamar ƙudan zuma, wani ya mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta inbata ta karɓa. Haka ƙananan UPS suke. Mai 650VA da ya cika kasuwa ainihin ƙarfinsa bai kai 400W ba, batirin cikinsa kuma guda ne mai 12V 7Ah, wato 84Wh. A kan kwamfutar wasa 'yan mintuna zai ba ka, in ma bai yi ƙara ya kashe kansa ba. In za ka sayi UPS, nemi mai 1200VA zuwa 1500VA, ka ɗauke shi a matsayin abin da zai ba ka damar ajiye wasa ka kashe kwamfuta cikin natsuwa. Tsarin jonawa: bango, sitabilaiza mai wajen 2000VA, UPS, sannan kwamfuta. Danna maɓallin jinkiri na sitabilaizar, domin wutar da aka dawo da ita yanzu-yanzu ita ta fi ɓarna. Ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai kuwa, kada ka jona masa kwamfutar nan kai tsaye. Ba shi da abin daidaita wuta, da an kunna wani abu ko an kashe sai ƙarfinta ya yi tsalle.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa shi ne wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira at. Gidaje da yawa soket ɗinsu mai baki uku ne amma bakin saman ba a jona shi da komai ba. Alamarsa ita ce ka taɓa ƙarfen kesin ba takalmi ka ji yana ɗan tsikarinka. Kira mai wayarin ya kafa sandar at ya jawo waya zuwa soket ɗin da za ka yi amfani da shi. Idan babu ita, abin kariyar tsallen wuta da ka saya ba shi da inda zai zubar da abin da ya tare.

Mu koma kan katin. RX 580 ya fito a 2017, kuma yana cikin katunan da masu haƙar kuɗin kirifto suka fi yi wa aikin dare da rana. Da Ethereum ta daina amfani da katin hoto a Satumban 2022, aka juye su kasuwa tuli. Wasu an sauya musu BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin na'urar tana tayar da ita, domin haƙa, sai direban AMD, manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da katin, ya ƙi karɓarsu yadda ya kamata. Akwai kuma wanda ake kira RX 580 2048SP, wanda aka yi domin kasuwar Sin: sunan ne na 580, ƙarfin na RX 570 ne, domin cikakken 580 yana da 2304. Wasu sababbin wasanni ma sun fara ƙin buɗewa a kan katunan zamanin RX 580. In kuɗi sun kai, RX 6600 mai 8GB ko RTX 3060 mai 12GB ko RTX 4060 mai 8GB duk za su riƙe maka 1080p da kyau. A nawa ganin, kati ya ci wajen kashi 40 cikin 100 na kuɗin, kuma gara ka haƙura da fitilu masu launi da kesin mai gilashi ka ƙara a nan.

Idan dole sai na hannu, gani ya kori ji. Sa a jona shi a gabanka. Buɗe manhajar GPU-Z ka dubi sunan guntun da ke ciki da yawan ƙwaƙwalwar, ka gwada da abin da aka rubuta a kwali. Tana ma rubuta FAKE a gaban sunan wasu katunan da aka yi wa ƙaryar suna. Kati da aka ce GTX 1050 Ti ne ko 1060 amma yana da shuɗin bakin VGA a baya, ka yi zarginsa, galibi tsohon kati ne aka sake wa suna. Sai a kunna manhajar gwajin kati, FurMark ko Unigine Heaven, na minti 20 zuwa 30, kana kallon allo. Ɗige-ɗige masu launi, layuka, ko allo ya yi baƙi ya dawo, sau da yawa alamar ƙwaƙwalwar kati ce ta gaji, kuma ba ta gyaruwa da araha. Dubi zafi guda biyu da GPU-Z ke nunawa, na gaba ɗaya da na wurin da ya fi zafi. In tazararsu ta haura digiri 25 zuwa 30, man sanyayawa ya bushe ko ƙarfen bai zauna daidai ba. Kashe, ka juya fankokin da yatsa ka ji ko suna gurzawa. Haska tocila a bayan katin: launin ruwan ƙasa kewaye da guntayen ƙwaƙwalwa yana nuna ya daɗe yana gasuwa. Gwada kowane bakin HDMI da DisplayPort ɗaya bayan ɗaya. In daga Computer Village ta Ikeja ko Banex ta Abuja ko Farm Centre ta Kano za a aiko maka, nemi bidiyon wannan gwaji da lambar jikin katin a fili, ku kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce kafin ka tura kuɗi.

RAM kuwa gyaransa mai sauƙi ne. Guda ɗaya mai 16GB yana tafiya a hanya ɗaya, biyu masu 8GB suna tafiya a hanya biyu, faɗin hanyar ya ninka. A wasa za ka ga bambancin a wurin sarƙewar nan ta ɗan lokaci idan fili ya cika da motsi. Sayi biyu 'yan kwali ɗaya, DDR4-3200, na kwamfutar tebur. Na laftof gajere ne ba ya shiga, na manyan kwamfutocin kamfanoni (saba) kuma mai alamar Registered da ake sayarwa da araha ba ya tashi a irin wannan bod. A bod mai ramuka huɗu, na biyu da na huɗu daga firosesa ake sawa, A2 da B2.

Bod ɗin da zai dace da 5600 shi ne mai soket AM4, B550 in da hali, B450 in an matsu. A nan akwai tarkon da ke sa mutane su ɗauka kayansu sun lalace. B450 ya fito a 2018, B550 a 2020, ita kuwa 5600 sai 2022. Bod da ya daɗe a shago ko na hannu yana iya zuwa da tsohon BIOS da bai san wannan firosesa ba. Ka haɗa komai daidai, fankoki su juya, allo ya ƙi kawo komai. Maganinsa ka sa mai shago ya sabunta BIOS kafin ka karɓa, ko ka zaɓi bod mai ɗan maɓalli a baya da ke sabuntawa daga filash ba tare da firosesa ba. Gigabyte na kiransa Q-Flash Plus, ASUS na kiransa BIOS Flashback. Filash ɗin a tsara shi a FAT32. Kada ka kuskura ka yi wannan aiki a kan wutar gari tsura. Ɗaukewar wuta a cikin waɗannan 'yan mintuna tana iya mayar da bod gawa, don haka a kan inbata ko UPS ake yi. Ka kuma sani 5600 ba ta da ɓangaren hoto a cikinta, bakin HDMI na jikin bod ba zai ba ka komai ba. Haka i5-12400F ta Intel take, wadda ita ma zaɓi ce mai kyau a wannan mataki, sai dai bod ɗinta LGA1700 ne, kuma wani na DDR4 ne wani na DDR5, ba sa musanya.

Wajen ajiya, SSD irin NVMe mai 1TB. Wasanni da dama yanzu guda ɗaya yana haura 100GB, mai 256GB ba zai kai ka ko'ina ba. Na hannu a duba shi da manhajar CrystalDiskInfo a ga awannin da ya yi da lafiyarsa.

Ranar haɗawa, sami teburin katako, ba kan katifa ko kafet ba. A hunturu iska ta bushe ƙayau, jiki yana tara wutar nan da ke yin ƙyas idan ka taɓa ƙofar mota, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe RAM. Cire rigar sanyi mai roba-roba, ka riƙa taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauki kowane abu, ka kama kaya ta gefe. Sukundireba mai sita guda ɗaya ta ishe ka.

Fara a wajen kesin. Ɗora bod a kan kwalinsa. Ɗaga ɗan sandan ƙarfen da ke gefen soket ya miƙe tsaye. Juya firosesar ka duba cikinta: ƙananan allurai ne masu ruwan zinare guda 1331, sirara kamar gashi, a kusurwa ɗaya kuma akwai ɗan alwatika. Akwai irinsa a kusurwar soket. Daidaita su, ka sake ta a hankali. Da nauyinta za ta faɗa, ka ji ta zauna lif ba gefen da ya ɗaga. In ba ta faɗa ba, ɗago ta ka sake dubawa, kada ka danna ko kaɗan, domin dannawar ce ke lanƙwasa allurai. Sai ka mayar da sandan ƙasa ya maƙale. A Intel da sabon soket na AM5 allurai a cikin bod suke, can ne yatsa ba ya zuwa.

Abin sanyayawar da ke zuwa a kwalin 5600 yana aiki, amma an yi shi ne da tunanin ɗaki mai sanyi. Ƙa'idar ita ce duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙaru, firosesa ma ta ƙaru da kusan ɗaya. Wanda ya nuna digiri 75 a ɗaki mai 23 zai kai wajen 90 a ɗaki mai 38, ita kuwa iyakarta 90 ɗin ne, kafin nan ma ta fara rage gudu don ta tsira. Saboda haka ƙara kuɗi kaɗan ka sayi mai tsayi irin hasumiya, mai bututun tagulla huɗu da fanka 120mm. Na ruwa ban ga dalilinsa ba a wannan firosesa, ga famfo da kan mutu, ga wahalar samun madadi. Kafin ka ɗora, duba ƙasan ƙarfen: akwai farar leda da aka manna, ɓare ta. Mutane da yawa sun bar ta suka yi ta neman dalilin zafi. Man sanyayawa ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya, in ba a riga an shafa a ƙarfen ba. Ɗaure sukurori a gicciye, wannan kusurwa juyi biyu, ta ƙetarenta juyi biyu, har su tsaya da kansu. Wayar fankar ta shiga inda aka rubuta CPU_FAN.

RAM yana son ƙarfi fiye da yadda sabon hannu ke zato. Buɗe maƙallan, daidaita tsagar da ke ƙasansa da tudun ramin, danna gefe biyu har ka ji ƙas. Mafi yawan kwamfutocin da suka ƙi tashi a ranar farko, RAM ne bai zauna ba. SSD a soka shi a karkace, a kwantar, a ɗaure da ɗan sukurunsa. In bod yana da murfin ƙarfe a wurin, shi ma akwai leda a ƙasansa da za a ɓare.

Tun bod yana kan kwali, soka katin hoto, jona babbar waya mai baki 24, da ta firosesa mai baki 8 a saman bod, da ta kati. Waɗannan biyun masu baki 8 sun yi kama amma ba ɗaya ba ne: ta firosesa tana rabewa 4 da 4, ta kati 6 da 2. Jona monita a jikin kati. Nemi allurai biyu a bod da aka rubuta PWR SW, inda wayar maɓallin kunnawa ke shiga, ka taɓa su tare da bakin sukundireba na daƙiƙa ɗaya. In tambarin bod ya fito a allo, kayanka lafiya, sai a shiga kesin. In bai fito ba, dubi ƙananan fitilun gefen bod masu suna CPU, DRAM, VGA, BOOT, in yana da su. Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda matsalar take. Gwada RAM ɗaya a rami na biyu. In an ƙi, zare wuta, cire ɗan batirin bod mai kama da kwabo, CR2032, na minti biyar, ka mayar.

Hattara da wayoyi biyu. In fawa-fak ba shi da wayar kati mai baki 8, za a ce maka ga 'yar mahaɗa daga wayar SATA. Bakin SATA wajen 54W aka yi shi ya ɗauka, bakin kati mai 8 kuwa har 150W ake ja ta cikinsa. Narkewa yake yi, wani lokaci har da wuta. Na biyu, fawa-fak mai wayoyin cirewa ba a sa masa wayar wani, ko da bakin ya shiga daram, domin jerin wutar ta ɓangaren fawa-fak ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

A cikin kesin, fara manna farantin bayan bod, sannan ka ƙirga 'yan ƙafafun tagulla da bod zai hau. Kowace ƙafa ta dace da rami a bod; babban bod irin ATX ramuka tara gare shi. Ƙafa ɗaya da ta rage a inda babu rami za ta taɓa bayan bod ta haɗa wuta. Tun kafin saye ka gwada tsawon kati da tsayin abin sanyayawa da abin da kesin ya ce yana ɗauka. Zaɓi kesin mai raga a gaba, ba wanda aka toshe da gilashi ba. Fanka biyu ko uku a gaba suna shigo da iska ta cikin matacin ƙura, ɗaya a baya tana fitarwa. Idan mai shiga ta fi mai fita yawa, iska ce ke tunkuɗowa waje ta kowace kafa, ƙura ba ta samun hanyar saɗaɗowa sai ta gaban da aka tace. Fanka tana hura iska ne zuwa ɓangaren da ke da sandunan riƙe injinta, da wannan za ka gane gabanta da bayanta.

Da ta tashi, shiga BIOS da maɓallin Delete ka kunna XMP, wanda ASUS ke kira DOCP. In ba ka yi ba, RAM ɗin da ka biya kuɗin 3200 zai zauna a 2133 ko 2400. Kunna saitunan tsaro guda biyu, fTPM da Secure Boot, domin Windows 11 tana neman TPM 2.0, wasu wasannin intanet ma ba sa buɗewa sai da su, kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Filash mai 8GB ya isa ɗora Windows. Direban kati daga shafin AMD ko Nvidia kai tsaye za ka sauko da shi. In monitarka mai 144Hz ce, sai ka shiga saitin allo ka zaɓa da kanka, in ba haka ba a 60 za ta zauna. In kuwa mai 60Hz ce, ƙayyade wasan a 60. Katin zai daina wahalar zana hotunan da ba za ka gani ba, wuta da zafi su ragu, batir ya ƙara jimawa. Bar manhajar gwaji ta MemTest86 ta zagaya RAM ko sau ɗaya, sannan ka yi wasa na awa guda da manhajar nuna zafi ta HWiNFO a buɗe, da rana tsaka, ba da asuba ba. Firosesa ƙasa da 85, kati ƙasa da 80 zuwa 83 a ma'aunin gaba ɗaya, ka samu yadda ake so.

Kada ka ajiye ta a ƙasa. Ɗora ta a tebur ko benci, nesa da taga, da tazarar taƙi guda tsakaninta da bango. A hunturu ciro matacin gaba duk mako biyu ka kakkaɓe. Za ka ga ƙura ta yi masa shimfiɗa kamar bargo ja-ja. Duk wata biyu ko uku fitar da ita tsakar gida, zare wuta, ka hure da bulowa daga ɗan nesa, kana riƙe da kowace fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima ta ci mata gindi. In ka rufe ta da ƙyalle don ƙura, sai bayan ta huce, kuma a cire kafin a kunna. Da damina idan hadari ya haɗo ana walƙiya, kashe soket bai wadatar ba, zare filogin gaba ɗaya, har da wayar intanet in kana da ita. In tafiya ta kama, ko zuwa Bauchi ne, cire katin hoto ka sa shi a kwalinsa, ka kwantar da kesin bod yana kallon sama, domin gargadar hanya tana iya sa nauyin kati ya tsage raminsa.

Bayan shekara biyu ko makamancin haka, in ka ga zafi ya ƙaru alhali babu ƙura, man sanyayawa ne ya bushe. A AM4 busasshen mai yana manne firosesa da ƙarfe kamar gam, in ka fizga sama sai ta fito daga soket a kulle, allurai su lanƙwashe. Kunna wasa na minti goma ta yi ɗumi, kashe, zare wuta, kwance sukurori a gicciye, sannan ka murɗa ƙarfen hagu da dama a hankali har ka ji ya saki kafin ka ɗaga. Goge tsohon man da auduga da sifirit mai ƙarfi, bari ya bushe, ka sa sabon ɗigo.